Fumfunar Rumbu da Ciwon Dajin Hanta: Jawabin Sashen Lafiya ga Wakilan Ikkilisiyoyin Ƙasar Zuru

  Za mu yi magana a hankali domin ɗan'uwanmu mai fassara ya samu ya juya wa tsofaffinmu da C'lela.

Bari mu fara da laifin kanmu. Bara da kaka mun sayi masara domin mu raba wa 'yan'uwa da suka gudo daga ƙauyukansu. Mun same ta da araha, muka yi murna, ba mu tambayi dalilin arahar ba. Muka jera buhunan a kan siminti, jikin bango. Da lokacin rabo ya yi muka buɗe na ƙasa, sai ga wata ƙura kore-kore mai ruwan ɗorawa, ga warin danshi. An yi gardama sosai a cikin kwamiti. Wasu suka ce a wanke a shanya a raba, ai mai jin yunwa ba ya zaɓe. Ma'aikaciyar jinyarmu ta tsaya kai da fata ta ce ba za a ba yaro ko ɗaya wannan hatsi ba. A ƙarshe muka haƙa rami muka binne buhunan da suka ɓaci, wasunmu kuwa har yau abin yana yi musu zafi. Wasu daga cikinku sun ji labarin, sun ce mun yi almubazzaranci da baikon mutane. Kuna da haƙƙin jin dalili, shi ya sa muka roƙi wannan lokaci.

Dalilin yana cikin jikinmu, a wurin da ido ba ya gani. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ɗakuna kamar na saƙar zuma, ana kiransu ƙwayoyin halitta, kimanin tiriliyan 30. A cikin kusan kowace ɗaya akwai wani siririn zare a naɗe, wanda in aka warware shi zai kai mita 2. Masana suna kiransa DNA, mu kuwa a yau za mu ce masa zaren gado, domin rabinsa daga uwa yake, rabi daga uba. Zaren nan rubutu ne. Haruffansa huɗu ne kawai, A da T da G da C, amma sun kai biliyan 3 daga kowane gefe na iyaye. Shi ne yake gaya wa ƙwayar hanta ta yi aikin hanta, ta fata ta yi aikin fata, da kuma lokacin da kowace za ta rabu biyu da lokacin da za ta tsaya.

A shekara ta 1953 aka gane cewa zaren nan tufka biyu ne, kuma A kullum tana fuskantar T, G tana fuskantar C. Ma'ajin ikkilisiya zai fi kowa gane amfanin wannan. In sakatare yana da littafin baiko, ma'aji ma yana da nasa, ko gara ta ci shafi ɗaya a wancan, sai a ɗauko wannan a cike gurbin. Haka Mahalicci ya shirya: kowane layi yana da abokin shaida.

Da farko masana sun ɗauka zaren nan ba ya lalacewa. Sai wani mutumin Suwidin mai suna Tomas Lindahl ya auna a farkon shekarun 1970, ya ga ashe yana ruɓewa a hankali ko ba a taɓa shi ba. A lissafinsa, haruffa wajen 10,000 suna faɗuwa daga zaren kowace ƙwaya a kowace rana. Ya ce in haka ne, da tuni mun ƙare, sai dai in akwai masu gyara. Ya nema, a 1974 ya samo ɗaya daga cikinsu, wani ɗan sinadari mai bin zaren yana cire harafin da ya ɓaci. Wani Ba'amurke, Paul Modrich, ya bayyana wata ƙungiyar magyara masu bin bayan mai kwafi lokacin da ƙwaya take rabuwa, suna rage kurakurai har ninki 1,000. Na ukunsu shi ne Aziz Sancar, mutumin Turkiyya. Mun so matasa su ji labarinsa. An haife shi a 1946 a wani ƙaramin gari mai suna Savur, shi ne na bakwai cikin 'ya'ya takwas, iyayensa ba su iya karatu ba, ya kuma yi aikin likita a karkara kafin ya tafi Amurka. Shi ya nuna yadda ake gyara babbar ɓarna, irin wadda zafin rana ko guba take yi: magyara su yanka gaba da baya, su cire guntu mai haruffa kusan 30, su duba abokin shaida su sake rubutawa, su ɗinke. A 2015 aka ba su ukun lambar yabo ta Nobel. Muna zaune a nan, wannan aiki yana gudana cikin jikin kowannenmu, dare da rana, ba mu biya kobo ba. Mu da muke karanta Zabura 139, wannan bincike bai rage mana bangaskiya ba, ƙara mana mamaki ya yi.

Ana gane darajar magyaran nan ne a wurin wanda ba shi da su. Akwai yaran da ake haifa da nakasa a wannan sashe, wanda wani masani James Cleaver ya gano a 1968. In rana ta taɓa su sai fata ta ƙone, da yawa kuma ciwon daji yana kama fatarsu tun ba su kai shekara 10 ba. Zabiya kuwa nasa daban ne. Magyaransa suna nan lafiya, amma ba shi da baƙin fatar da yake tare mana rana, don haka ɓarnar tana fin ƙarfin gyara. Muna roƙo, in akwai zabiya a ikkilisiyarku, a samar masa malafa da riga mai dogon hannu, kada a tura shi gona da tsakar rana, in kuma gyambo ya fito ya ƙi warkewa a kai shi asibiti da wuri.

Ban da magyara akwai mai gadi. Sunansa p53, an gano shi a 1979. In ɓarna ta yi yawa, shi ne yake tsayar da ƙwaya ya hana ta rabuwa sai an gyara. In abin ya wuce gyara, sai ya umarce ta ta mutu domin sauran jiki ya tsira. Amma shi ma mai gadin, umarnin yin sa yana rubuce ne a jikin zaren. In ɓarna ta faɗa daidai wurin, shi ke nan, gida ya zama babu mai tsaro. Ƙwayar ta rabu da kuskurenta, 'ya'yanta su ƙara nasu, zare ya karye a ɗinke shi a inda ba daidai ba, wani shafi ya ɓace, wani a maimaita shi sau goma. Masana suna cewa zaren ya rasa natsuwa. Ƙwayoyin da ba sa jin "tsaya" kuwa su ne suke taruwa su zama ƙari. Wannan shi ne ciwon daji, wanda wasu suke kira sankara. A kusan rabin ciwon dajin 'yan Adam ana tarar da mai gadin nan a lalace. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

To, mene ne haɗin wannan da buhunanmu?

A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, ba a san dalili ba. Aka bi sawu, aka tarar abincinsu yana da tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Burazil, tunkuzar kuwa tana da guba daga wata fumfuna. Aka sa wa gubar suna afulatoksin. Lokacin nan ne zamanin dalar gyaɗa a Kano, saboda haka maganar ta shafe mu kai tsaye. Masu binciken aikin gona na Samaru, Zariya, suka yi gwaje-gwaje a Kano da Mokwa a shekarun 1960. Abin da suka gani shi ne, gyaɗar da gara ta huda ko fartanya ta sara, da wadda aka bari ta wuce lokaci a ƙasa, da wadda ta daɗe ba ta bushe ba, su ne masu gubar. Fiye da shekara 60 ke nan da aka san wannan a ƙasarmu, amma har yau labarin bai kai ƙauyuka da yawa ba. Wannan abin kunya ne a gare mu masu karatu.

Fumfunar tana zaune cikin ƙasar gona. Ta fi son masara da gyaɗa. Dawa da gero ba ta cika damunsu kamar waɗancan ba. Tana shiga in fari ya wahalar da shuka ko ƙwari sun huda, ta kuma yaɗu in an adana hatsi da danshi cikin zafi. Gubarta ba ta da ɗanɗano, wani lokaci ma hatsin yana da kyaun gani. Abin da ya fi muni, wuta ba ta kashe ta. Tuwo, kunu, soyayyar gyaɗa, duk tana nan.

In an ci da yawa a lokaci ɗaya, kisa take yi nan take. A gabashin Kenya a 2004, an girbe masara cikin ruwan sama aka adana da laima. Mutum 317 suka kwanta, 125 suka mutu, idanu sun yi ɗorawa, hanta ta tsaya. Amma wanda ya fi yawa a wurinmu shi ne ci kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Hanta ita ce matatar jiki, duk abin da muka ci can yake bi. Cikin ƙoƙarinta na narkar da gubar, sai ta juya ta ta zama wani abu mai danƙo, wanda yake manne wa harafin G. Magyaran da Sancar ya bayyana suna cire da yawa. Wanda ya kuɓuce musu kuwa, in aka zo kwafi, sai a rubuta T a maimakon G.

A 1991 ƙungiyoyin masana biyu, ɗaya tana duba marasa lafiya na Qidong a ƙasar Sin, ɗaya na kudancin Afirka, suka ga abu iri ɗaya. A cikin ƙarin hantar mutanen nan, umarnin mai gadi ya ɓaci a wuri guda, wuri na 249, G ta koma T. A Qidong 8 cikin 16 haka suke. Daga baya aka ga wannan tabo a jinin fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon dajin hanta da aka gwada a Gambiya, ƙasar masu cin gyaɗa kamarmu. A Turai, inda ake tace abinci, da wuya a gan shi. Wato ɓarawon ya bar sawunsa a bakin ƙofa. Harafi ɗaya cikin biliyoyi, amma na mai gadi ne.

Gubar tana da abokin ɓarna, ƙwayar cutar hanta mai lamba B. Ita tana zama cikin hanta shekaru ba tare da alama ba, tana kumbura ta, tana tilasta wa ƙwayoyin su yi ta mutuwa suna sake rabuwa, har takan cusa nata rubutun cikin zaren gadonmu. Yawan kwafi, yawan kuskure. A birnin Shanghai an bi maza fiye da 18,000 shekaru, aka buga sakamakon a 1994. Mai gubar kaɗai, haɗarinsa ya ninka wajen sau 3. Mai ƙwayar B kaɗai, sau 7. Mai duka biyun, kusan sau 60. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manyan Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar B. Ku dubi yawanmu a cikin majami'ar nan ku yi lissafi. Yawancin masu ita ba su sani ba.

A nan muna so mu yi magana da dattawa, cikin ladabi. Kun sha ganin magidanci mai ƙarfi, ɗan shekara 35 ko 40, wanda ya yi noman golmo ba gajiya, ya fara ramewa, gefen cikinsa na dama yana ciwo, ciki ya kumbura, cikin wata kaɗan a binne shi. Sai a fara raɗa. A ce sammu ne, a ce an ba shi a abinci, a nuna wata tsohuwa ko matar ɗan'uwa. Mun san gidajen da suka rabu saboda haka, har cikin masu bi. Gaskiya ne a abinci aka ba shi, amma babu hannun maƙiyi. Daga rumbunsa ne, tun yana yaro, tare da ƙwayar da mai yiwuwa ya samu tun yana goye. Ku tuna a Yohanna sura 9 Ubangiji ya ƙi ɗora makantar mutumin nan a kan zunubinsa ko na iyayensa. Kada ikkilisiya ta zama wurin da ake ƙara wa gwauruwa nauyin zargi a kan makoki.

Yara ma ba su tsira ba. A ƙasashen Benin da Togo an gwada yara 480, aka buga a 2002. An sami alamar gubar a jinin 99 cikin 100, kuma waɗanda suka tsumbure su ne masu yawanta. Tana ƙaruwa ne da zarar an yaye yaro an koma kunun masara. Kaɗan takan bi ta nono, amma uwaye kada ku tsorata, yaron da yake shan nono ya fi wanda aka yaye aminci nesa.

Ba mu zo mu tsorata ku mu tafi ba. An gwada magani, ya yi aiki. A ƙasar Taiwan an fara yi wa jarirai allurar rigakafin B a 1984, zuwa 1997 aka ga ciwon dajin hanta a yara ya ragu da kusan rabi. Gambiya ta fara a 1986. A Nijeriya allurar ta shiga jerin rigakafin yara a 2004, kyauta ce. Amma lokaci ne muhimmi. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa, 9 cikin 10 za su riƙe ƙwayar har abada, babba kuwa yawanci jikinsa yana korar ta. Shi ya sa ake son allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, sauran kuma a sati 6 da 10 da 14. Yawancin matanmu a gida suke haihuwa, a jira suna, wani lokaci a jira sai an kai jariri majami'a. Zumuntar Mata, wannan aikinku ne. Ran da aka haihu, ran nan za a nemi mai babur. Aska ɗaya kuma kada ta zaga kan yara, ko wajen aski, ko kaciya, ko tsaga. Wanda aka gwada aka same shi da ƙwayar, kada a guje shi, ba a ɗauka ta cin tuwo tare ko musafaha. Akwai magani mai danne ta, likita ne zai faɗi wanda yake bukata. Ya kuma rabu da burkutu sam, gama giya in ta shiga jiki tana zama wani sinadari mai karya zaren gado, balle ma sau da yawa hatsin da aka ƙi ci shi ake kai wa tukunyar.

Maganar rumbu kuma, a ƙasar Gini an yi gwaji a ƙauyuka 20 na yankin Kindia, aka buga a 2005. Ƙauyuka 10 aka koya musu su tsince gyaɗa da hannu, su shanya a kan tabarma har ta bushe sarai, su zuba a buhun algarara, su ɗora a kan katako, su sa maganin ƙwari. Bayan wata 5, gubar da take jininsu ba ta kai rabin ta sauran ƙauyukan ba. Babu inji, babu lantarki. Duk abubuwan da kakanninmu suka sani ne, su da suke ɗora rumbu a kan duwatsu. Mu ne muka koma zuba masara a ƙasa da gefen kwalta, muna jingina buhu da bango, kamar yadda mu kanmu muka yi bara.

Ga yadda za ku gane masara ta bushe. Ku sami busasshiyar kwalba da busasshen gishiri, ku zuba masara dintsi ɗaya, ku rufe ku girgiza, ku bari ta ɗan jima. In gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran shanya. Buhun nan mai ninki uku, wanda aka yi ta gwadawa a Maraɗi ana kuma yin sa a Kano, yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, amma sai hatsi ya bushe tukuna a ɗaure. Akwai kuma Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan ta haɗa, aka yi masa rajista a 2014. Gasasshiyar dawa ce mai launin shuɗi, an lulluɓe ta da irin fumfunar da ba ta yin guba. Ana watsa kilo 10 a hekta, sati 2 zuwa 3 kafin masara ta yi fure, sai marar gubar ta riga mai gubar kama wuri. Yana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye.

Mun san abin da yake ranku. Tun 2021 da yawa a cikinmu ba su da ikon barin masara ta bushe a gona, ana karya ta ɗanya a gudo da ita saboda 'yan bindiga, a cusa a ɗakin haya inda mutum goma suke kwana. Wanda buhu biyu ne kaɗai ya tsira da su, yaya za a ce masa ya zubar? Ba mu ce a zubar da duka ba. A zauna a tsince. Gubar ba ta bazu daidai ba, tana taruwa ne cikin 'yan ƙwayoyi kaɗan, masu baƙi, da motsattsu, da fasassu, da waɗanda ƙwaro ya ci. A zuba a ruwa a kwashe masu tasowa, a surfa a cire dusa, a haɗa da dawa ko gero inda hali ya yi. Tsintuwar kuwa kada a ba yara su gasa, kada a zuba wa kaji ko saniyar tatsa, kada kuma a sayar wa mai ƙuli-ƙuli, domin yawancin gubar a tunkuza take zama, 'ya'yan makwabcinka ne kuma za su saya a makaranta. A binne ta. Buhun da ya riga ya yi kore har ya dunƙule, irin namu na bara, wannan ba shi da gyara.

Bana mun sayi tamfol, za a ba kowace ikkilisiya ta ajiye a hannun mai bishara, a riƙa ara bi da bi, a fara da gwauraye da 'yan gudun hijira. Muna roƙon dattawa su bar filin majami'a ya zama wurin shanya daga Litinin zuwa Asabar. Ma'ajiyarmu ma mun sa katako, mun kuma yanke cewa ba za mu ƙara sayen buhu ba sai an gwada shi da kwalba a gaban mai sayarwa. Kowace shugabar Zumuntar Mata ta rubuto mana adadin mata masu ciki a ƙauyenta, ba sunaye ba, domin mu san yadda za mu shirya da asibitin da ya fi kusa. Masu son gwajin jini su ba mai bishara sunansu kafin Lahadi mai zuwa. Mu ma'aikata mun riga mun yi namu. Yanzu ma'aikaciyar jinya za ta nuna gwajin gishiri a bakin ƙofa. Waɗanda suka zo da masara daga gida kamar yadda muka roƙa, su matso da ita gaba.